Yadda ake zaɓen dis dur na waje don ɗaukar waƙa a laftof

Bara da bazara, a ɗakina da ke Yelwa a Garwa, wani mawaƙin biki ya zo da 'yan amshi huɗu da mai kalangu. Muna cikin baiti na huɗu sai wuta ta ɗauke. Laftof ko gezau, don yana da batir. Amma babban dis ɗin da nake ɗauka a kai, irin mai jan wuta daga bango, nan take ya mutu. Da wuta ta dawo, muryoyin amshi suka ƙi buɗuwa. Mai kalangun ya cire hula yana share gumi, bai ce uffan ba. Abin ya ci mini rai ƙwarai, shi ya sa nake so duk mai shirin saye ya bi matakan nan.

Da farko, lissafa abin da kake buƙata kafin ka je kasuwa. Layin murya ɗaya a ingancin ɗauka na 24-bit da 48 kHz yana cin kusan MB 8.6 a minti. Waƙar minti biyar mai layi 24 ta kai GB ɗaya ke nan, ban da maimaici. Terabayit (TB) ɗaya, wato GB dubu, zai daɗe yana yi maka aiki. Kada mai shago ya ruɗe ka da girma.

Mataki na biyu shi ne mai nauyi: dis mai faifai za ka saya ko SSD, wato dis marar faifai? Mai faifai yana da allura da ke yawo a kan faifan da ke juyawa, kuma yawancin ƙananan da ake sawa a aljihu sau 5400 suke juyi a minti. Idan kana kunna layi ashirin a manhajar ɗaukar waƙa irin Cubase ko FL Studio, allurar sai ta yi ta tsalle daga wannan fayil zuwa wancan, kuma a nan ne sauti ke fara sarƙewa, musamman idan ka ɗora kayan kiɗa na manhaja masu nauyi. Mai juyi 7200 ya fi, amma galibi manya ne masu son wutar bango, kuma ka ji abin da irinsu ya yi mini. Ga kuma ƙarar juyinsa, wadda makirfo mai kyau ke iya ɗauka a ɗaki shiru. SSD ba abin da ke motsi a cikinsa. Ba ya ƙara, wutar laftof ta ishe shi, kuma idan ka sa shi a jaka ka hau mashin, gargadar hanya ba za ta dame shi ba. Ni dai shawarata, SSD mai GB 500 ya fi mai faifai na TB 2 ga aikin ɗauka, ko da kuɗinsu ya zo ɗaya.

Na uku, duba bakin USB na laftof ɗinka. USB 2.0 iyakarsa megabit 480 a daƙiƙa, 3.0 kuwa gigabit 5, kuma sau da yawa cikin bakinsa shuɗi ne. Ka ba dis bakinsa shi kaɗai. Kada ka haɗa shi da kat ɗin sauti a kan abin raba baki guda. Wayar da ta zo da shi ka riƙe ta da kyau, don wasu wayoyin caji kawai suka iya.

Na huɗu, ka tafi shago da laftof ɗinka. Kayan da ke shigowa kasuwannin Garwa, Marwa da Kusuri akwai sababbi, akwai na hannu da aka sa wa sabon gida, akwai kuma na jabu da aka buga wa sunan Samsung ko SanDisk. Ka ce wa mai shago, "Alhaji, a yi haƙuri in gwada a gabanka." Mai gaskiya ba zai hana ba. Manhajar CrystalDiskInfo za ta nuna maka awa nawa dis ya yi yana aiki da lafiyarsa, ko da yake ba kowane gidan dis ne ke bari a karanta ba. Manhajar H2testw kuwa cika dis take yi da bayanai ta sake karantawa, ta haka take tona asirin wanda aka rubuta wa TB 2 alhali cikinsa bai kai ko kusa ba. Wannan gwajin yana ɗaukar awoyi, don haka ku yi yarjejeniya cewa za ka dawo da shi idan ya faɗi. In ka ga Windows ya nuna GB 931 a dis na TB 1, ba cuta ba ce, bambancin lissafi ne. Mai faifai kuwa ka kara shi a kunne: in ka ji ƙwas-ƙwas a jere, ajiye musu kayansu.

Na biyar, tsara shi kafin ka zuba komai. In Windows kaɗai kake amfani da shi, zaɓi tsarin ajiyar fayil na NTFS. In kana kai aiki wurin mai Mac don haɗa sauti, exFAT, domin Mac yana karanta NTFS amma ba ya rubutu a kai sai da ƙarin manhaja. Sai dai exFAT ba ya yafe fizge waya, kullum ka cire shi ta ƙa'ida. FAT32 ka bar shi, ba ya karɓar fayil da ya kai GB 4. Sannan ka shiga saitin wutar Windows ka hana USB yin barci, kada dis ya yi gyangyaɗi mawaƙi na tsakiyar baiti.

Saura zafi da ƙura. A Maris da Afrilu Garwa tana haura digiri 40, alhali ƙananan dis da yawa an rubuta musu iyakar 35 zuwa 40. Kada ka ɗora shi kan katifa ko gefen da laftof ke fitar da iska mai zafi. Da hunturu kuma ka rufe shi a jaka idan ka tashi.

Idan kuɗi ya samu, ƙaro mai faifai mai araha na Seagate, WD ko Toshiba don ajiya kawai. Ni da zarar mawaƙi ya ce an gama, kafin ma a kawo shayi, nake kwafe aikin ranar a kai, in cire shi, in sa a akwatin ƙarfe a ɗaya ɗakin.