Yadda Malamin Jami'a Zai Tafiyar da Lakcar Farko ta Zango

Malamai da yawa sun ɗauki ranar farko ta zangon karatu a matsayin ranar gaisuwa kawai: a faɗi suna, a karanto jerin batutuwan kwas, a sallami ɗalibai bayan minti 10. A ganina wannan babbar asara ce, domin a ranar ne ɗalibi yake auna malaminsa, ya yanke a ransa ko kwas ɗin ya cancanci ya riƙa sammako dominsa.

Ya kamata malami ya riga ɗalibai isa aji da kamar minti 15, ya gwada majigi da lasifika, ya duba ko alƙalamin allo bai bushe ba, sannan ya je kujerar ƙarshe ya zauna, ya ga ko abin da ya rubuta yana karantuwa daga can. Idan suka fara shigowa, ya gaishe su tun daga bakin ƙofa.

Gabatar da kai ba ya buƙatar dogon tarihi. Suna, inda ofis yake, da lokacin da za a same shi sun wadatar.

Inda ya dace a tsaya sosai shi ne darasin kansa. Kafin a taɓa manhaja, wato takardar da ke ɗauke da batutuwa da dokokin kwas, malami ya jefa wa ajin tambaya guda daga cikin zuciyar kwas ɗin, irin wadda ba ta da amsa a saman baki. Mai koyar da tattalin arziki, alal misali, yana iya tambayar dalilin da ya sa gwamnati ba ta buga kuɗi ta raba wa kowa. Ya ba su minti 3 kowa ya tattauna da na kusa da shi, sannan ya saurari amsoshi. Idan aji ya yi tsit, kada ya yi gaggawar amsa wa kansa. Ya daure wa shirun, domin ɗalibin da ya buɗe baki a ranar farko ba zai ji nauyin magana a mako na biyar ba. Wanda ya amsa a tambayi sunansa, a kuma sake kiransa da shi kafin a tashi.

Bayan haka sai a zo kan manhaja, kuma ba sai an karanta ta layi-layi ba. A bayyana yadda aka raba maki tsakanin gwaji, aikin gida da jarrabawa, da ranakun miƙa aiki, da hukuncin makara da satar amsa. Malami kada ya kafa dokar da ya san ba zai iya tsayawa a kanta ba, domin ɗalibai suna lura da hakan tun a mako na biyu.

Idan saura minti 5 a tashi, kowa ya rubuta a guntuwar takarda, ba tare da suna ba, abin da ya riga ya sani game da kwas ɗin da abin da yake ba shi tsoro. Malami ya karanta su a daren, ya buɗe lakca ta biyu da amsa biyu ko uku daga cikinsu.