Matakan Gano Hoton Bogi a Neman Gyaran Mota na Garanti

Idan mai mota a Yamai ya turo hoton ɓarna yana neman gyara kyauta, da farko a buƙaci ya aiko da asalin hoton a matsayin fayil, domin WhatsApp yana goge bayanan EXIF idan an tura hoto yadda aka saba. Bayanan nan su ne ke nuna ranar ɗauka, irin wayar, wani lokaci har da wurin. Hoton da ya girmi ranar da aka ce motar ta lalace abin tuhuma ne, ko da yake ana iya sauya ranar, saboda haka kada a dogara da ita kaɗai.

Na biyu, a saka hoton a Google Lens, manhajar bincike da hoto, a ga ko daga intanet aka kwaso shi, sannan a gwada shi da hotunan tsofaffin buƙatun gyara.

Na uku, a nemi gajeren bidiyo marar yanka, wanda zai fara daga lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, ya bi ta allon kilomita, ya ƙare a wurin ɓarnar. Wannan ya fi hoto wuyar haɗawa.

Idan shakka ba ta gushe ba, a kawo motar gareji makanike ya duba.