Yadda ake amfani da rumbunan bayanai na haɗin gwiwa wajen binciken buɗaɗɗiyar manhaja

Mai binciken da ke son nazarin yadda ake gina buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa zai iya karanta rubutunta ya gyara, bai kamata ya fara da kwaso bayanai da kansa daga GitHub, shafin da masu gina manhaja ke ajiye ayyukansu, ba. Shafin yana ƙayyade wa mai asusu buƙatun ɗebo bayanai 5,000 a awa ɗaya, kuma abin da mutum ya tara shi kaɗai yana da wuyar tantancewa ga wani. Irin wannan matsalar ce ta sa aka kafa rumbun FLOSSmole a 2004 domin tara bayanan SourceForge, wani shafin ajiye manhaja, da makamantansa a wuri guda, sannan wasu rumbunan suka biyo baya.

Matakin farko shi ne a rubuta tambayar binciken kafin a zaɓi rumbu, domin kowanne da abin da ya ƙunsa. Idan tambayar ta shafi mu'amalar mutane ce, kamar wa ya kai ƙorafin matsala, wa ya amsa, kuma bayan kwana nawa aka karɓi gyara, to GH Archive ya dace. Ilya Grigorik ne ya kafa shi, kuma yana ajiye abubuwan da suka faru a bainar jama'a a GitHub tun daga 2011, fayil ɗaya a kowace awa. Ana iya yi masa tambaya ta BigQuery, tsarin Google na binciken manyan bayanai, ba tare da an sauke komai ba, abin da ke da amfani ƙwarai ga wanda intanet ɗinsa ba ta da ƙarfi. Sai dai a taƙaita tambayar ga watannin da ake buƙata, don bayanan terabayit ɗaya kawai ake yarda a bincika kyauta a wata. A kuma lura cewa tsarin bayanan ya sauya a farkon 2015, saboda haka wanda ya haɗa shekarun baya da na gaba dole ya daidaita su tukuna.

Idan kuwa rubutun manhajar kansa ake nema tare da tarihin gyare-gyarensa, a nufi Software Heritage, wanda cibiyar Inria ta Faransa ta buɗe a 2016. Shi ne ya adana ayyukan da ke shafukan ajiye manhaja na Gitorious da Google Code bayan an rufe su. Kowane fayil da kowane gyara yana da lambar shaida da ake kira SWHID, wadda ake lissafawa daga abin da ke cikinsa, don haka ba ta sauyawa ko da asalin shafin ya ɓace. A ganina duk takardar da ta ambaci wata manhaja ya kamata ta sa wannan lambar.

Tacewa ita ce inda aikin yake, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Wani bincike na 2017 ya gano cewa kusan kashi 70 cikin 100 na fayilolin da aka duba a GitHub kwafi ne na wasu. Akwai kuma ma'ajiyoyin da ba manhaja ba ce a cikinsu, kamar aikin gida na ɗalibai, da waɗanda aka buɗe aka watsar tun a makon farko. A cire kwafe-kwafe, a ware asusun da na'ura ke tafiyarwa ba mutum ba, a haɗe adireshin imel daban-daban na mutum guda, sannan a rubuta ƙa'idar da aka bi a kowane mataki tare da adadin da ya rage. Bayan haka a ɗauki samfuri kaɗan a duba da ido, domin sau da yawa a nan kuskuren ƙa'idar ke bayyana.

Sunaye da imel na mutanen gaske ne, ko da a fili suke. A musanya su da lambobi kafin a raba komai, a kuma nemi amincewar kwamitin ɗa'a na jami'a.

Rumbuna ma suna tsayawa, kamar yadda GHTorrent, wani rumbun bayanan GitHub, ya daina sabuntawa bayan shekaru ana dogaro da shi. Saboda haka a rubuta ranar da aka ɗebo bayanan, a ajiye ainihin abin da aka yi aiki da shi tare da tambayoyin da shirin tacewar a Zenodo, shafin adana bayanan bincike wanda cibiyar kimiyya ta CERN ke kula da shi. Yana karɓar har gigabayit 50 a shigarwa ɗaya, yana ba da DOI, wato lambar shaida ta dindindin, da za a sa a cikin takarda, kuma yana tambayar lasisin da aka zaɓa domin wasu su san iyakar abin da aka yarda su yi da bayanan.