Dala ba faranka ba ce: kurakuran mai shiga manhajar da ba shi ya fara ta ba

An ba wani ƙanena a sana'a, nan Damagaram, gyaran manhajar lissafi ta wani mai sayar da hatsi a Kasuwar Dole. Ya ga gurbi mai suna "dala", ya ɗauka ado ne, ya maida shi faranka. Washegari buhun jaka 20 ya fito jaka 4. Dala ɗaya sefa 5 ce, ko yaron shago ya sani, kuma an rubuta haka a ƙamus ɗin aikin, fayil ɗin da bai buɗe ba.

Kuskuren da ya fi yawa ke nan: a faɗa cikin kod, wato rubutun umarnin manhaja, kafin a karanta kalmomin masu aikin. Fara da README, fayil ɗin da ke gabatar da aikin, sannan ƙamus. Sunan da suka ba abu, shi za ka kira shi da shi. In sun ce "tiya", kada ka rubuta "kilo". Tiya awo ce, nauyinta na gero daban da na wake. In ɗaya ya ce "mai saye", wani "abokin ciniki", wata uku sai ka tarar da teburin bayanai biyu na mutum ɗaya.

Sai rushe abin da ba ka san dalilinsa ba. Ka ga manhaja na ajiye bayanai cikin waya kafin ta tura, ka ce tsohon yayi ne. Tsaya tukuna. Leƙa takardun shawara, waɗanda ake kira ADR, salon da masanin manhaja Michael Nygard ya yaɗa a 2011: kowace na faɗin halin da ake ciki, shawarar da aka yanke da abin da ta jawo. Wataƙila don yankewar wuta da intanet aka yi haka. In kana ganin shawarar ta tsufa, rubuta sabuwa mai maye gurbinta, ka bar tsohuwar a wurinta.

Akwai kuma masu ɗaukar takarda kamar wahayi. Takarda na tsufa. Idan ta saɓa da kod, duba tarihin Git, manhajar da ke ajiye sauye-sauyen aikin, ka ga wanne aka taɓa daga baya, ka tambayi mai shagon da kansa, ka gyara su biyun a tashi ɗaya.

Shi ƙanen nawa ya maida "dala" wurinta, ya ƙara layi ɗaya a ƙamus: jaka ɗaya, dala 200.