Yadda Mai Harbin Fistol Zai Zaɓi Tabarau Idan Gani Ya Fara Raguwa

Da zarar mutum ya haura shekara 40, ruwan tabarau na cikin idonsa yakan fara tauri, sai ganin kusa ya yi masa wuya. Ga mai gasar harbin fistol, musamman ta mita 10 da ta mita 25, wannan babbar matsala ce, domin abin da ya wajaba ya gani tangaran shi ne tsinin saiti na gaba, wato ɗan tsinin da ke saman bakin bindiga wanda ake saita harbi da shi, ko da takardar da ake harbi ta ɗan yi hazo.

Kafin ka je wurin likitan ido, ka tsaya tsayuwar harbi, ka miƙe hannu, wani ya auna tazarar da ke tsakanin idonka da tsinin saitin. Ka kai wa likita wannan ma'auni, domin tabarau na karatu an yi shi ne don tazarar da ba ta wuce santimita 40 ba, kuma ƙarfinsa ya yi yawa. Mafi yawan maharba ƙarin +0.50 zuwa +0.75 a kan ƙarfin ganin nesa yakan ishe su.

Ka guji gilashi mai ƙarfi hawa-hawa, wato wanda ƙarfinsa ke ƙaruwa daga sama zuwa ƙasa, saboda yana tilasta maka ɗaga haɓa, wanda ke ɓata tsayuwa. A ganina, firam na maharba irin na kamfanin Knobloch, wanda ake daidaita gilashinsa daidai da layin saiti, ya cancanci kuɗinsa. Idon da ba ka saiti da shi kuma ka sa masa marufi mai shigar da haske, kada ka runtse shi. Gilashin ya kasance na roba mai jure bugu, domin kwanson harsashi yakan yi tsalle.