Yadda za ka gwada tura mota da iska a tsakar gida

Duk direban da ya taɓa kafewa a yashin hanyoyin ƙauyukan Argungu ya san abin: ka taka totur, inji na ruri, taya na juyawa a wuri ɗaya. Ƙarfi yana nan, ƙasa ce ta ƙi riƙe taya. Ko a kan kwalta, kamun taya yana da iyaka. Shi ya sa a 2018 Elon Musk ya ce za a iya sa wa sabuwar motar kamfaninsa, Tesla Roadster, ƙananan bututu masu feso matsattsiyar iska, irin na kumbon sama. Wannan turin ba ruwansa da ƙasa, kuma ina so yaranmu su gan shi da idonsu.

Da farko ka haɗa motar kara irin wadda yara ke yi, da marafan kwalba huɗu a matsayin tayoyi. Ta zama marar nauyi, tayoyin na juyawa sumul.

Sai ka cire ruwan biro, ka zura bututun a bakin balan-balan, ka ɗaure da roba. Ka manna bututun a kan motar, bakinsa na kallon baya sak. Nan ne aka fi kuskure: in ya karkace, motar za ta yi ta kewaya.

Ka hura, ka toshe da yatsa, ka aje a kan siminti, ka saki. Iska ta yi baya, mota ta yi gaba. Dokar Niyuton ta uku ke nan, wadda ya wallafa a 1687: abin da ka tura, shi ma yana tura ka daidai gwargwado.

Yanzu ka ɗora mata tsakuwa biyu ka sake. Za ta tashi da nawa, domin turi ɗaya ne ke ɗaukar ƙarin kaya.

Ka kuma lura da saurin ƙarewar iskar. Ƙarfin turi shi ne nauyin iskar da ke fita a daƙiƙa sau gudunta. A bututun irin na kumbon sama, matsattsiyar iska tana fita da gudun kusan mita 700 a daƙiƙa, don haka mota mai kilo 1,500 sai ta zubar da wajen kilo 2 na iska kafin gudunta ya ƙaru da mita 1 a daƙiƙa. Ka ga tukunyar da ke riƙe da iskar ba za ta jima ba. Amfanin abin a tashin farko ne kawai.

Don Allah kada wani ya ɗaura wa motarsa tukunyar gas ya ce gwaji yake. In ta fashe, kisa take yi.