Babi na Huɗu: Yadda Ake Adana Maniyyin Alade Kafin a Ɗura wa Mace

Iyayena da 'yan'uwana masu kiwon aladu, wannan babi na wanda ya karɓo maniyyin namijin alade a kwalba ne, yana so ya kai shi gida da ransa har ya ɗura wa macen da ke neman barbara. Da yawanku kun saba aron namiji a wurin maƙwabci ko sayo shi a kasuwar Katsit da ke Kafanchan, kuma kun ga yadda baƙon namiji yakan shigo wa garke da cuta, musamman tun da zazzaɓin aladu na Afirka ya ɓarke a Najeriya a 1997. Kwalba tana rage wannan haɗari matuƙar namijin da aka ɗebo daga jikinsa lafiyayye ne, amma abin da ke cikinta mai rai ne, kuma ransa yana hannun wanda ya riƙe ta.

Darasi na 1: Karanta ma'aunin zafi

Ku ɗauki ma'aunin zafin da aka raba muku, ku riƙe shi a tsaye daidai da idanunku. Lambobin da ke jikinsa suna ƙaruwa ne daga ƙasa zuwa sama, wato idan jan layin ya hau, zafi ya ƙaru, idan ya sauka, sanyi ya ƙaru. Idan kun ga an rubuta 17°C a takarda, ɗan da'irar nan da harafin C ba lamba ba ne, ana karanta su ne da kalmar digiri, sai ku ce digiri 17. Ku nemi 15 a jikin ma'aunin, ku ɗora yatsa. Ku nemi 20, ku ɗora wani yatsan. Daga 15 ku ƙirga ƙananan layuka biyu zuwa sama, nan ne 17, kuma ina so kowa ya ɗaura zare ko ya ɗiga jan fenti a daidai wurin, domin ko da lambar ta ɓace masa, alamar ba za ta ɓace ba. Wanda bai samu ba ya sake farawa daga 15. Babu kunya a ciki, domin na ga dattijon da sai a zama na uku ya gane, yau kuma shi ke gyara wa matasa.

Darasi na 2: Inda ake ajiye kwalbar

Maniyyin alade yana zama lafiya ne tsakanin digiri 15 da digiri 18, kuma 17 ita ce lambar da ake nema. A wannan matsakaicin sanyi ƙwayoyin maniyyin suna lafawa kamar masu barci, ba sa ƙarar da ƙarfinsu. Idan zafi ya haura 20 sukan farka su yi ta motsi a banza har su gaji kafin su isa jikin mace, ƙwayoyin cuta kuma su yawaita a cikin ruwan. Idan sanyi ya sauka ƙasa da 15, fatar da ta lulluɓe kowace ƙwaya takan lalace, kuma wannan lalacewa ba ta gyaruwa ko da an mai da kwalbar cikin ɗumi daga baya.

Saboda haka kada a sa kwalbar a firij na gida. Sanyin firij yana wajen digiri 4 ne, firiza kuwa ƙasa da sifili take. Na san dalilin da ya sa hannu yake kaiwa can: mun saba cewa nama da madara da allurar rigakafi duk firij ne ke kare su, kuma wasunku sun ga ma'aikatan dabbobi, irin na cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya, suna ɗauko maniyyin bijimi daga tulu mai hayaƙin sanyi. Maniyyin bijimi yana jure sanyi fiye da na alade nesa ba kusa ba, kuma shi ma sai da aka yi masa haɗi na musamman. Kwalbar da ke hannunku ba a yi mata wannan haɗin ba. Ku faɗa tare da ni: digiri 17, ba firij ba.

A wani aji da na koyar, mutum guda ya rubuta wannan jimla da hannunsa, ya karanta ta a gaban jama'a, ya koma gida ya jera kwalabe huɗu a firij kusa da kunun ayar matarsa, wai don ya ga rana ta yi zafi. Ya ɗura wa aladunsa biyu, kuma bayan kwana 21 dukansu suka dawo neman namiji. Da ya zo yana ƙorafin an sayar masa da ruwan banza, na tambaye shi inda kwalaben suka kwana, sai ya sunkuyar da kai. Ido ba ya gane maniyyin da sanyi ya kashe, domin launinsa yana nan fari kamar tsinkakkiyar madara, sai mai madubin likita ne zai iya ganin ƙwayoyin sun daina motsi.

Ga yadda za ku yi idan ba ku da akwatin lantarki da aka saita a kan 17. Ku sami kula mai murfi da gorunan roba guda huɗu ko shida. Ku zuba ruwa a bokiti, ku riƙa ƙara ruwan sanyi kaɗan kaɗan kuna aunawa har jan layin ya tsaya a kan alamarku, sannan ku cika gorunan da wannan ruwa ku jera su a gefen kular. Ku naɗe kwalaben maniyyin da tawul mai tsabta, ku kwantar da su a tsakiya, ku sa ma'aunin zafin a cikin tawul ɗin tare da su, ku rufe. Ku duba shi safe da rana da dare, kuma da zarar layin ya kusa 19 ku sauya ruwan gorunan. Ƙanƙara ba ta shiga cikin kula, aikinta a bokiti ne kawai wajen sirka ruwa. Duk wanda ya jefa ƙanƙara a kan kwalba ya yi daidai da wanda ya sa ta a firij.

Mutanen Jos da kewayenta, ku kula da daren hunturu, domin sanyin waje yakan sauka ƙasa da 15, kuma kular da aka bari a baranda za ta kashe abin da ke ciki ba tare da kowa ya taɓa firij ba. Ku shigar da ita ɗaki, ku lulluɓe da bargo.

Darasi na 3: Kwanan wata da juya kwalba

A jikin kowace kwalba akwai ranar da aka ɗebi maniyyin. Lambar farko rana ce, ta biyu wata, wato 12/3 yana nufin 12 ga Maris. Kowace kwalba tana ɗauke da mililita 80 zuwa 100, ɗuri ɗaya ke nan na mace ɗaya, ba a raba ta biyu don tsimi. Ana sirka maniyyin da ruwan haɗi don ya daɗe da rai. Idan an haɗa shi da ruwan da ake kira BTS, wanda aka samar a Beltsville ta Amurka, kwana uku yake yi, akwai kuma ruwan haɗi masu kai kwana biyar zuwa bakwai. Ku tambayi mai sayarwa wanne ya yi amfani da shi, ku ƙirga daga ranar ɗiba, ba daga ranar da kuka saya ba.

Ƙwayoyin sukan kwanta a ƙasan kwalba, don haka sau biyu a rana ku juya ta a hankali har farin da ya kwanta ya gauraye. Ba a girgiza ta kamar maganin tari. Idan za ku ɗauko ta a babur, ku cusa tsumma a cikin kular don kada kwalaben su riƙa karo, kuma kada ku tsaya hira a rana. In kun isa gida, abin farko shi ne duba ma'auni. Wallahi na gaji da ganin ma'aunan da aka raba kyauta suna rataye a ƙusa kamar hoto, masu su kuma suna auna sanyi da tafin hannu. Tafin hannu bai san 17 ba.

Darasi na 4: Daskararren maniyyi

Ana iya daskarar da maniyyin alade ya shekara da shekaru, kuma tun farkon shekarun 1970 aka haifi 'ya'yan aladu ta wannan hanya, amma aikin ɗakin gwaji ne. Ana tace shi da inji, a haɗa da gwaiduwar ƙwai, a sauke sanyinsa a hankali cikin awanni har digiri 5, a ƙara gilisarin kaɗan, wato sinadarin da ke kare ƙwayoyin daga illar daskarewa, a ɗura a ƙananan bututu masu kama da tsinke, sannan a tsoma a ruwan naitirojin mai sanyin −196°C. Ɗan layin da ke gaban lambar yana nufin ƙasa da sifili. Firizar gida ba ta kusa da wannan ba, kuma kwalbar da aka sa a cikinta ta mutu ke nan. Ko a ƙasashen da suka yi nisa a kiwon aladu, kusan duk ɗurin da ake yi da maniyyin digiri 17 ne, domin daskararren yakan ba da ƙarancin ciki da ƙarancin 'ya'ya. An fi ajiye shi don adana iri mai daraja ko kai shi wata ƙasa.

Idan an ba ku riƙon tulun naitirojin, ku ajiye shi a tsaye a ɗaki mai iska, kada ku toshe bakinsa da ƙarfi, kada ruwan ya taɓa fata ko ido, kuma ku auna zurfinsa da sanda kowane mako.

Darasi na 5: Narkarwa

Bututun daskararren maniyyi ana tsoma shi ne a ruwan ɗumi ya narke. Ku bi takardar mai sayarwa, domin wasu sukan ce ruwan digiri 37, wasu 50, kuma lissafin na daƙiƙoƙi ne. Ku goge bututun ya bushe kafin ku yanke shi, ku yi ɗuri nan take. Abin da ya narke ba ya komawa tulu.

Darasi na 6: Lokacin ɗuri

Mace takan nemi namiji kwana huɗu zuwa bakwai bayan yaye. Ku danna bayanta da hannu biyu, idan ta tsaya cak ta kafe kunnuwa, lokaci ya yi. Sai a lokacin za ku fito da kwalbar daga kula. Ku rubuta ranar ɗurin, ku ƙirga kwana 114 zuwa haihuwa.